Akwai Mutane a Filin da Kuka Rubuta Babu Kowa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Kare Gari daga Ambaliya, ofishinku na Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka, ya yi riƙo da hannunka.

Sunana Seidu Tela, ɗan marigayi Malam Yakubu, mazaunin Zango. Na haura saba'in. Sana'ata ɗinki, amma ba da keke aka fi sanina ba. Ni ne mai haƙa kabari a tsohuwar makabartar Zango, wadda ke gangaren rafi, aikin da na gada daga ubana, shi ma ya gada daga nasa. Ba a biyan kowa a kansa, lada muke nema.

Na zo ofishinka sau uku ban same ka ba. Ba na zargin kowa da ɓoye ka, na san mai babban aiki ba ya zama wuri ɗaya. Amma zaman benci ya ishe ni, gwiwoyin kuma ba na da ba ne, shi ya sa na rubuta wannan a fili, kowa ya karanta, ko mai hanyar zuwa wurinka zai kai maka. Maganata a kan abu ɗaya ce. A taswirar aikinku, wadda aka manna a bangon ofis, filin nan na gangaren rafi an rubuta shi fili ne da babu kowa, ba a amfani da shi. Ranka ya daɗe, akwai mutane a ciki. Ubana yana ciki, uwata tana ciki, matata Adisa tana ciki, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga a shekara arba'in da suka wuce da hannuna na sa su.

Na ɗaya: ban zo musun ruwa ba.

Kada ka ɗauke ni cikin tsofaffin da ke cewa babu abin da ya canza. Allah na ikonsa, amma ya ba mu ido. Mai haƙa kabari ya riga mai rediyo sanin sauyin yanayi, don shi daga ciki yake duba ƙasa. Ina saurayi, ko a tsakiyar rani, in rami ya kai mini ƙirji sai in ji danshi a tafin ƙafa, ƙasar da sanyinta, tana kama hannu. Yanzu da rani diga tsalle take yi tana fid da tartsatsi, kabarin da mutum uku ke gamawa kafin a gama wankan gawa sai ya kai mu azahar. Da damina kuwa tun ban kai gwiwa ba ruwa ya tsattsafo. Ruwan saman da muka sani yana zuwa da natsuwa, ya yi, ya huta, ya sake. Na yanzu sai ya yi ta ja wa masu doya rai har su fid da tsammani, sannan ya juye na wata guda a yini ɗaya. Rijiyoyin da garin nan ke alfahari da su, da yawa sai ledoji a ciki.

Na kuma san magudanar da kuka gina ta yi amfani. Bara ruwa bai shiga kasuwa ba, kuma ɗakin maƙwabciyata Mma Zenabu, wanda ke zubewa kusan kowace damina, yana nan tsaye. Na gode, ba kuma da baki biyu nake faɗa ba. Sai dai ruwa ba ya ɓacewa don an kore shi daga wani wuri. Wani wurin yake tafiya, kuma ku kuka zaɓa masa inda zai je.

Na biyu: yadda muke binne namu, da yadda ma'aikatanka suka kasa ganinsu.

Mu a da ba ma zuba siminti a kabari, ba ma rubuta suna. A haƙa uwar kabari, a haƙa ɗan rami a cikinta, a kwantar da mamaci yana fuskantar alƙibla, a jera itace, a rufe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a tara tudu. A wajen kai a kafa tsingaro ko ɗan dutse. Damina uku ko huɗu tudun ya kwanta, ciyawa ta rufe, mai kuɗi da mai talla su zama ɗaya. Haka malamanmu suka koya mana, kuma ba sakaci ba ne, tawali'u ne.

Amma rashin rubutu ba rashin sani ba ne. A bakin makabartar ta arewa akwai wata tsohuwar tsamiya, daga gindinta ake ƙirga kowa. Kowace Juma'a da hantsi ubana yakan tsaya a jikinta ya fara takawa, ina biye, yana kiran suna: taku kaza kudu, taku kaza gabas, wane ɗan wane, ya rasu shekarar da aka yi kaza. In na yi kuskure ya mai da ni gindin tsamiya mu sake. Akwai layin malamai, akwai layin jarirai, akwai layin baƙi a can ƙasa kusa da rafi. Salaga gari ne na hanya, mutum yakan fito daga Bawku ko Gambaga da shanu, ko daga Saboba da kayan kasuwa, ajali ya same shi a nan ba shi da kowa. Mu ne danginsa na wannan rana. Mu tambayi sunansa a wurin abokan tafiya, mu sa shi, mu riƙe sunan. Mu uku muka riƙe wannan ƙirga bayan ubana. Fuseini ya rasu, Mahama ya koma wurin ɗansa a Kumasi, ido ya tafi, tunani ma ya fara bi. Saura ni.

Wurin ya cika shekara takwas da suka wuce, aka buɗe sabuwar makabarta a hanyar Kpandai, mai katanga da ƙofar ƙarfe, inda 'yan zamani ke zuba siminti da rubutu. Adisa tana cikin na ƙarshe da suka shiga tsohuwar. Damina takwas ta isa ta kwantar da kowane tudu.

Da masu awon ƙasarku suka zo, an ce mini sun tambaya ina makabartar Musulmi, aka nuna musu sabuwa, suka zana ta da kyau a taswira. Ba su tambaya ko akwai tsohuwa ba. Gangaren rafi kuwa ranar Juma'a suka je shi, daidai lokacin da duk Zango ke masallaci, suka tashi ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Jirgi ya ga ciyawa, ya ga awaki, ya ga tsamiya ɗaya. Bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ke nan. Baƙo makaho ne ko yana da ido, shi ya sa ake tambayar ɗan gari. Shagona bai kai tafiyar minti goma daga inda suka ajiye motarsu ba.

Na uku: tsamiya da abin da ya biyo bayanta.

A ranin da ya gabaci daminar bara na tafi Yendi sadakar arba'in ta yayan Adisa, na yi kwana huɗu. Na dawo na tarar da katafila a gangare, tsamiya a kwance, an riga an yanka rassanta, masu gawayi suna kwasa. A daidai gurbinta ake zuba simintin bakin magudana. Na tsaya a gaban motar da sandata, direban ya kashe inji ya sauko. Bai yi mini rashin kunya ba, har hularsa ya cire. Ya kira ni kawu da yarensu, ya ce, "Wofa, ni ba ni san komai ba, turke na bi. Inda an sa jan fenti, nan na wuce." Na yarda da shi. Na tambaye shi ko an faɗa masa akwai mutane a ƙarƙashin tayarsa, sai ya dubi ƙafafunsa ya ja da baya.

Ranar na zauna a kan kututturen har la'asar ina maimaita ƙirga a zuciyata, don tsoron kada ta bi itacen. Washegari na auna daga kusurwar simintinku, na sake ɗaura kowa a kanta. Wato yau da aikinku nake ƙirga matattuna.

Magudanar a nan ta ƙare, ba ta kai rafi ba. Ruwan kasuwa da na sabbin unguwanni da na babban titi, duk aka tara shi a maƙogwaro ɗaya aka sake shi a kan makabarta. A babban ruwan da aka yi tsakiyar daminar bara, ya yanka kwazazzabo daga bakin simintin har rafi, ya bi ta layin baƙi. Mutum ashirin da uku ne a layin. Ya tafi da goma sha huɗu.

Ba zan bayyana maka duk abin da na gani da safe ba, don takarda ce da mata da yara za su karanta. Kwana uku ina bin gefen rafi da daron wankin Adisa, ina tsinta a cikin yashi da saiwoyi, ina wankewa. Mutane suna wucewa gona, su yi salati, su ce sannu Malam Seidu, su ƙara sauri. Ban ga laifinsu ba, ba kowa ke da zuciyar wannan ba. Na dawo shago na yanka alawayyo na ɗinka likkafani guda ɗaya babba. Shekara hamsin ina ɗinka likkafani, ban taɓa ɗinka ɗaya don mutum goma sha huɗu ba. Liman ya zo da mutum biyu aka yi addu'a, muka sa su a rami ɗaya a can tudu. Bayan sun tafi na daɗe a wurin ni kaɗai, kuma ban ji kunyar kuka ba.

Na huɗu: Awudu mai albasa.

Akwai wani mutumin Bawku, Awudu, mai kawo albasa. Ubansa Imoro mai shanu ne, ya rasu a nan yana kan hanyar kudu, Awudu yana goye a lokacin. Ni da ubana muka sa shi a layin baƙi. Da Awudu ya girma ya zo ya yi cigiya har aka kawo shi shagona, kuma tun daga nan duk shekara in ya sauke albasa sai ya zo da goro, in kai shi, in taka masa ƙirga, in ce ga Imoro nan. Ya durƙusa ya yi addu'a, ya tashi ya kama hanya. Bai san fuskar ubansa ba. Abin da ya sani nasa a duniya shi ne wannan taku biyu na ƙasa, da bakina da ke shaida masa.

Bana ya zo kamar kullum, da goronsa a ganye. Na kai shi tudu na nuna masa sabon kabarin, na faɗa masa abin da ya faru, cewa ubansa yana cikin goma sha huɗun, ban rage komai ba. Ya ce, "Baba, duka nashi yana ciki? Ko rabi ya tafi rafi?" Ranka ya daɗe, tunda na karɓi aikin nan ba a taɓa tambayata game da wani mamaci na ce ban sani ba. Ranar na faɗa. Ya yi addu'a a tudu, ya gangara ya yi wata a bakin rafi, ya miƙa mini goron ya tafi. Goron yana nan a aljihun kekena ya bushe, na kasa ci.

Na biyar: abin da na tarar a ofishinka, da abin da na tarar a gida.

A zuwana na biyu wata ma'aikaciya ta saurare ni har ƙarshe, Allah ya yi mata albarka, ta kuma kawo mini ruwa. Ta ɗauko fom na waɗanda aiki ya shafa. Akwai layin gida, akwai na gona, akwai na dabba, akwai na itace mai 'ya'ya. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Baba, kai haƙuri, fom ɗin ba shi da layi na kabari. In ka so ni rubuta tsamiya, su biya ka." Na ce ba tawa ba ce, kuma ba 'ya'yanta nake kuka ba. Ta rasa yadda za ta yi da ni, sai ta ba ni 'yan dashen dogonyaro guda goma, wai ƙa'idar shirin ce duk itacen da aka sare a mai da goma. Na karɓa, ba a mai da hannun kyauta baya. Na dasa su a gefen kwazazzabo, awaki suka ci bakwai suka gode muku, uku suna nan ina ba su ruwa da buta. In Allah ya raya su za su yi inuwa, amma babu wanda aka ƙirga daga gindinsu.

Za ka ce ina shugabannin Zango, me ya sa tela ɗaya ke rubutu? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ta fi yi mini ciwo. Wurin nan sarkin ƙasa na wancan zamani ya ba kakanninmu shi da baki, aka kai goro, aka yi addu'a, babu takarda. Ba mu muka zaɓi gangare ba, abin da ake ba baƙo ke nan, inda ba a noma. Kakan kakana farken goro ne, a garin nan ya mutu, amma har yau in magana ta zo kan ƙasa mu baƙi ne. Dattawa sun kira ni zaure sun ce in bi a hankali, in aka tona maganar fili za a tambaye mu takarda, daga makabarta a gangaro kan gidaje. Ba matsorata ba ne, suna da jikoki da ke kwana a ɗakunan nan. Wasu kuma nasu matattun suna sabuwar makabarta a ƙarƙashin siminti, hankalinsu kwance. 'Ya'yana biyu, ɗaya yana tuƙi a Kumasi, ɗaya tana aure a Ankara, babban birninmu. Suna kira ta waya su ce Baba ka bar wa Allah, ka taho ka huta. In na taho, wa zan bar wa su?

Saboda haka ni kaɗai ne, kuma na faɗa ne ba don a ji tausayina ba. Na faɗa don ka san ba ƙungiya ce a bayana ba, ba kuma ɗan siyasa ya turo ni ba. Da yamma in na rufe shago nakan gangara in zauna a kan simintinku, in yi musu sallama layi-layi. A Zango yanzu waɗanda suka san ni tun ina yaro duk suna can ƙasa, a sama kuwa sai masu gaishe ni su wuce. Kaɗaici yana damuna, ba zan ɓoye ba.

Na ji ka a rediyo ranar da aka buɗe magudanar. Ka ce mu a nan ba mu muka ɓata sama ba, manyan ƙasashe masu masana'antu ne, kuma bai isa su jefo mana taimako daga nesa ba, sai sun amsa laifi, sun saurari waɗanda abin ya shafa, sun gyara ɓarna. Na ajiye almakashi na ce madalla, ni kaɗai a shago. To, ranka ya daɗe, abin da kake nema a wurinsu shi nake nema a wurinka, ba ƙari. Ni kekena na ƙafa ne, ban taɓa mallakar ko babur ba. Imoro mai shanu kuwa da ƙafa ya zo daga Bawku. Ban san hayaƙin da ya tayar ba da har za a biya da ƙasusuwansa.

Na shida: jan fenti ya dawo.

Makonni uku da suka wuce ma'aikatanka sun sake zuwa sun kafa turaku, wai kashi na biyu na aiki, za a miƙe magudanar har rafi kafin ruwa ya sauka. Niyya mai kyau ce, kwazazzabon yana buƙatar magani. Amma da tsohuwar taswira suka zo. Layin turakun ya bi ta kudu da kwazazzabo, ta tsakiyar makabarta. Ɗaya yana kan ƙirjin ubana. Ban cire ba, kada a ce tsoho ya ɓata aikin hukuma, na dai ɗora masa tsingaro a kai.

Adisa kuma tana tsakanin biyu. Ranar da ruwa ya fara yankawa bara taku tara ne tsakaninta da bakin kwazazzabo, yau huɗu ne. In kun yi aikin yadda aka zana, katafila ta ɗauke ta. In kun fasa kun bar wurin haka, ruwa ya ɗauke ta. Shekara talatin da shida muka yi tare, ta bar Yendi da danginta ta biyo tela mai ƙurar kabari a riga, ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ciwo ya yi tsanani abu ɗaya ta roƙa, kada a mai da ita Yendi, a sa ta inda zan riƙa wucewa. Na haƙa mata da kaina, ban bar kowa ya taɓa digar ba. Ba na so in tsince ta a cikin daronta.

Ga abin da nake roƙo.

A Zango in wani ya yi wa wani ɓarna, ba kotu ake fara zuwa ba, ba kuma aike ake yi da ambulan ba. Mai ɓarna ya zo zaure da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wanda aka yi wa ya faɗi abin da ya rasa, ba a katse shi. Sannan a tambaye shi me zai gyara, a yi shi tare, a raba goro, magana ta mutu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kan wannan hanya nake roƙon abu biyar.

Ɗaya, a dakatar da katafila, a cire turakun nan, har sai an zauna.

Biyu, ka zo da kanka, ba wakili ba, ranar da ka ga dama ban da lokacin sallar Juma'a. Ka zo da mai awo da mai rubutu. Mu tsaya a kusurwar siminti in taka muku layi-layi, in kira suna, su rubuta, su zana. Aikin yini biyu ne in gwiwa ta yarda. A ajiye kwafi ɗaya a ofishinku, ɗaya a masallaci. Malamai sun hana mu gina kabari, ba su hana mu tuna wanda ke ciki ba.

Uku, a goge kalmar nan daga taswira, a rubuta makabarta. A yi shi gaban masu ƙasa da dattawan Zango, a kuma faɗa a fili cewa gyaran taswira ba ƙofa ba ce ta tambayar kowa takardar gidansa, don bakin mutanena ya buɗe.

Huɗu, a karkatar da magudanar ta arewa. Akwai shimfiɗar dutse a can da ta gangara har rafi, ba mu taɓa binne kowa a kanta ba don diga ba ta cin ta. Injiniyanka zai fi ni sanin lissafi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A kuma cike kwazazzabon da dutse kafin ruwan fari. In an kawo dutsen, abin da hannuna zai iya zan yi, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Biyar, in Awudu ya sauke albasa baɗi, wani daga ofishinka ya tsaya gabansa ya ce mu muka yi, ba da gangan ba, ka yafe mana. Sauran goma sha ukun ban san inda danginsu suke ba, shi kaɗai zai karɓa a madadinsu. A fom ɗinku kuma a ƙara layi ɗaya, don ba Salaga kaɗai ke da Zango a gangare ba, akwai a Yendi, akwai a Bawku, kuma duk haka suke binne nasu.

Ba na neman diyya. Ba ni da wanda zan kai wa ita.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana, ya sa aikinka ya zama kariya ga garin nan, ya tsare ka daga zaluntar wani ba da saninka ba. Allah ya jiƙan iyayenka in sun riga mu, ya sa ka san inda suke kwance har ƙarshen ranka.

Ka yi sauri, ranka ya daɗe. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, ni ma kuma ba dutse ba ne. Ranar da na faɗi, sabuwar makabarta za a kai ni, yarana su zuba siminti su rubuta sunana da fenti, sauran sunayen duka su shiga rami tare da ni. Daga ranar ba sai kun gyara taswirarku ba, ta zama gaskiya.

Ubana bai taɓa rubuta ko suna ɗaya ba, ni ma haka, amma yau zan rubuta guda, don ko ba ka zo ba ya zama wani ya taɓa karantawa. Daga kusurwar simintin bakin magudana, inda tsamiya take a da, taku goma sha ɗaya kudu, uku gabas. Adisa 'yar Mahamadu, mutuniyar Yendi. Duk wanda ya bi ta wurin ya yi mata sallama.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Seidu Tela,
mai haƙa kabari, Zangon Salaga.